Gwangwanin Kalmomina a Garin Masu Turanci

Tun da na dawo ban huta ba. A masallaci a tare ni, a wurin mai nama a tare ni, har wani tsohon masinjan ofishinmu da na yi shekara shida ban sa shi a ido ba ya biyo ni Unguwar Sarki wai in ba shi labarin Ingila. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya tashi daga wurina sai ya ƙara wa labarin gishiri. Shekaranjiya na ji ana cewa wai na koyar a jami'a a can. Ban koyar ba. Shi ya sa na zauna in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Sai na fara da gwangwanin, don shi ne ya jawo komai. Shekara talatin da biyu na yi ina aikin fassara a wata ma'aikata a Doka, kuma tun farkon aikin na kamu da wata cuta: ba na iya ganin kalmar Turanci in ƙyale ta sai na san daga ina ta fito. Nakan yanka tsofaffin fayil in yi ƙananan kati. A gaba in rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, a baya in rubuta da Hausa ma'anarta, da asalinta, da yadda ake amfani da ita. A hankali katunan suka cika wani babban gwangwanin biskit. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela a Abakpa ba mai kirana da sunana, sai Malam Ƙamus.

A majalisar nan akwai Alhaji Lawali, Bazamfare, tsohon direban tirela, abokina kuma ƙayar da ke cikin takalmina. Da ya ji cewa 'yata Ummi, wadda ke aikin jinya a arewacin Ingila, ta haihu, kuma zan raka matata Hajiya ta je ta yi mata zaman jego, sai ya gyara zama.

"To Ƙamus, ƙarya ta ƙare. Wanga Turancin naka na takarda na. Ran da ka tahi garin masu abin, ko ruwa ka roƙa ba su gane mi kaka hwaɗi."

Aka yi dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci, na yi abin da mai hankali ba ya yi, wato rantsuwa a gaban jama'a. Na ce zan kai gwangwanin nan gaban farfesan Turanci a garin Turawa. In ya duba ya sa hannu, in dawo in buga littafi. In bai sa ba, Hajiya ta hura gawayi da katunan.

"Kun dai jiya," in ji Lawali. Kafin in isa gida na fara nadama.

Mun tashi da hantsi a motar haya zuwa Abuja. Kayan Hajiya akwati uku ne, nata na sawa bai cika rabin ɗaya ba. Sauran duk kuka ce, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da garin kunun kanwa, da turaren wuta, da kilishi ɗauri biyu. Ni gwangwanina na rungume a cinya. Muna wuce gada na ce mata ko ta san kalmar quarantine, wadda muka sha ji lokacin annoba, asalinta daga mutanen Italiya ne, kuma ma'anarta kwana arba'in, daidai kwanakin da za ta tsare Ummi a ɗaka.

"Malam," ta ce, "don Allah ka bari mu isa tukuna."

Jirgi biyu muka shiga. Ba abin da zan ce game da su sai sanyi, da wani abinci a faranti mai ɗaki-ɗaki wanda Hajiya ta buɗe, ta leƙa, ta rufe, ta ciro dabino daga jakarta.

A wurin duba fasfo na fara ganin ta kaina. Tun daga Kaduna na tsara jawabin da zan yi, na haddace shi tsaf. Na isa gaban wata ma'aikaciya, na buɗe baki ke nan ta yi mini wata magana da sauri, kamar ta zubo tsakuwa a kwano. Wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Ba abin da na gani a lokacin sai fuskar Lawali. A karo na uku ta ja maganar a hankali, ashe tambaya take kwana nawa za mu yi. Na ba ta amsa, sannan na ɗora mata jawabina duka don kada ya tafi a banza. Ta saurara har ƙarshe, ta yi murmushi, ta ce ina magana irin ta kakanta. Har yau ban tabbatar ko yabo ne ba.

A wurin duba kaya wani ƙaramin kare ya zo ya zauna a gaban akwatin Hajiya ya ƙi tashi. Aka buɗe. Kilishi dai ya tafi, don dokarsu ta hana shiga da nama, kuma Ummi ta gaya mana tun farko, Hajiya ce ta ce ai kilishi ba nama ba ne, tsaraba ce. Da ma'aikacin ya kwance ledar daddawa sai ya ja da baya taku biyu. Na yi masa bayani cewa ɗiyan itace ne, na miya. Ya ɗaure ta da sauri ya maido mana. Sannan ya nuna gwangwanina. Ya buɗe yana tsammanin biskit, ya zaro kati ɗaya, umbrella, ya juya katin ya ga Hausa. Na ce masa ita ma daga Italiya ta zo, ma'anarta 'yar inuwa, don rana aka fara yin ta. Ya waiga ya dubi ruwan da ke zuba a waje, ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa buɗe lema don rana ba. Ya rufe mini gwangwanin da kansa. Nan na ɗan ji ƙarfi.

Surukina Mustafa ya ɗauke mu zuwa garinsu, wani ƙaramin gari a bakin teku. Gidajen a jere suke manne da juna, ba katanga, ba zaure, ƙofa na buɗewa kai tsaye kan titi. Matakalar bene kuwa sai ka hau ta a kaikaice. Abin da ya fi ba ni wahala famfon banɗaki ne: baki biyu, ɗaya ruwan da zai saɓule maka fata, ɗaya kamar an narkar da ƙanƙara, kuma ba su haɗuwa. Alwalata ta farko da ihu na yi ta. Sai da Ummi ta kawo buta ta sirka mini.

Abinci kuwa, sun ba ni kifi da dankali da aka yayyafa wa ruwan tsami, na ci, ba laifi. Amma wake da zaƙi a kan burodi da sassafe, wannan ban yafe ba. Mutanen kuma suna da ladabi iri na daban. A kanti na taka ƙafar wani mutum, kafin in buɗe baki shi ya ba ni haƙuri. Matar da ke karɓar kaya a kantin ta miƙo mini leda ta kira ni love, a gaban Hajiya, wadda ta san ma'anar wannan kalmar sarai. Sai da Ummi ta rantse cewa haka matar ke kiran kowa, har ɗan sanda, sannan aka ci gaba da yi mini magana a gidan.

A mako na biyu na sa babbar rigata ta shadda, na kafa hula, na ɗauki gwangwani, na hau bas zuwa babban birnin da ke kusa, inda jami'a take. Ban sanar da kowa a can cewa ina zuwa ba. A Kaduna in kana son ganin babban mutum, zuwa kake ka zauna a benci har ya fito. Wata mata a teburin karɓar baƙi ta tarbe ni da fara'a, ta yaba rigata, sannan ta ce ana dogon hutu, malaman duk ba su nan, kuma ko suna nan ba a ganinsu sai an aika saƙo an sa rana. Na ce zan jira. Ta ce in jira wa? Ta rubuta mini adireshin saƙo a takarda. Da yamma Mustafa ya aika, kafin in gama shan shayi amsa ta dawo. Na yi murna, na ce lallai mutumin nan ya san darajar ilmi. Mustafa ya sunkuyar da kai ya ce na'ura ce ta amsa, farfesan ba zai dawo ba sai bayan tafiyarmu da mako uku.

Ranar ban ci abincin kirki ba. Shekara talatin da biyu, kuma ni da bakina na yanke wa katunan hukuncin wuta.

Washegari Hajiya ta ce ɗakin mai jego ba ya ƙamshin mai jego. Ta kunna gawayinta a kasko ta zuba turaren wuta. Nan take wani abu mai gano hayaƙi a silin ya fashe da ƙara, jaririya ta tsala kuka, Mustafa ya hau kujera yana fifita da tawul. Da ƙura ta lafa na ce ai sai mu ba maƙwabta haƙuri, wa ke bayan bangon nan? Ummi ta ce wani tsoho ne, Mista Harold, shi kaɗai yake zaune, matarsa ta rasu, kuma watannin baya ɓarin jikinsa ya shanye. Na ce yaya jikin nasa da kika shiga dubiya?

"Baba, ban taɓa shiga ba. Nan ba a faɗa wa mutum gida haka kawai. Mukan ɗaga wa juna hannu."

"Shekara uku, Ummi? Bango ɗaya? Kuma ke ma'aikaciyar jinya?"

"Baba, za ka sa a ce mun takura masa."

Na ji kunya ƙwarai, kamar ni na yi laifin. Na ce Hajiya ta soya waina. Bayan azahar na ɗauki kwano da 'yar kwalbar zuma, na fita ƙofarmu, na yi taku uku, na ƙwanƙwasa tasa.

An daɗe kafin a buɗe. Dogon tsoho ne, dafe da abin tafiya na ƙarfe, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji. Na gabatar da kaina da Turancin kakan ma'aikaciyar nan. Ya dube ni, ya dubi kwanon, bakinsa ya motsa amma ba abin da ya fito. Sai ya matsa gefe. Na shiga na zauna. Mu dai a wurinmu dubiya ba ta bukatar surutu, ka ce sannu, ka zauna, a san ka zo. Ya ci waina uku da hannun hagu, yana lumshe ido.

Can sai iska ta fara kaɗa labule. Ya nuna wajen da hannu, yana so in rufe masa, yana ta kokawa da kalmar. Fuskarsa ta yi ja, ya bugi hannun kujera. Na gane abin da yake so, na tashi zan rufe, amma halina ya riga ni. Na ce masa ko ya san mutanen arewa da suka zo musu ta teku a zamanin da su suka kawo sunan wannan abu, kuma a harshensu ma'anarsa idon iska?

Ya ɗago ya dube ni. Ya maimaita a hankali, idon iska. Sai kawai ya ce, "Window." Ta fito garau. Shi kansa ya firgita. Ya sake faɗa, ya fashe da dariya, ni ma na kama.

Da na koma na ba Ummi labari, ta ce irin wannan ciwon haka yake, kalmomin suna nan a ciki, ƙofar ce ke cijewa, wani lokaci in aka zagayo ta wata hanya sai ta buɗe. Washegari na koma da gwangwanina. A can na ga wasu katuna da mai koya masa magana ta kawo masa, masu hoton kyanwa da ƙwallo irin na 'yan rabin aji. Ya tura su ƙarƙashin rediyo. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuƙa bas a garin nan, ya san kowace kwana da sunanta, shi za a nuna wa kyanwa.

Haka muka kafa wasanmu, kullum bayan azahar. In zaro kati in ɓoye gabansa, in ba shi labarin da ke baya, shi kuma ya nemo kalmar. Na ce abu ne mai zaƙi, sunansa ya taso daga Indiya, Larabawa suka karɓa, su suka ba ku, mu ma su suka ba mu. Ya yi ta lalube, sannan ya ce sugar. Na ce mu sukari muke cewa, ya riƙa maimaitawa yana jin daɗi. Na ce abincin da ake karya azumin barci da shi, ya ce breakfast, na gaya masa mu ma karyawa muke yi, kumallo muke karyawa. Ranar da na ce masa lady asalinta mai kwaɓa burodi ce, ya nuna hoton matarsa a bango ya girgiza kai, wai ita ko ƙwai ba ta iya dafawa ba. Ya yi dariya har ya share ido.

Kada in yi muku ƙarya, ba kullum ake dacewa ba. Wata rana kati goma, ko ɗaya ba ta fito ba, ya juya fuska bango, na tattara kayana na ce sai gobe. Kuma shi ma bai raga mini ba. In kalma ta fito na karanta masa yadda na ce ana amfani da ita, wani lokaci sai ya ɗaga yatsa ya kaɗa. Na rubuta cewa dinner abincin dare ne. Ya nuna agogo, ƙarfe goma sha biyu na rana. Ashe a yankinsu na rana suke kira haka, na yamma kuma su ce tea, ko da ba a sha shayi ba. Wasu kalmomin da na yi shekaru ina ƙawata wasiƙun ofis da su, ya nuna mini da hannu cewa an binne su tun yana yaro. Kati goma sha bakwai na gyara a falon nan. Hajiya, da ta ga kwanonta na dawowa a wanke kullum, ta raɗa masa suna Malam Haruna, ta fara tambaya ko yana cin yaji.

Da arba'in ta matso, abin ya tsaya mini a rai. Farfesa bai sa hannu ba, ga rantsuwa na jirana a Abakpa, ga tsohon nan da ya saba jin ƙwanƙwasata. Na ce Mustafa ya ɗauki hoton katunan duka a wayarsa. Sannan na kira Ummi na juye su a kwalin takalmi na miƙa mata.

"Bayansu da Hausa ne, ba zai iya karantawa ba. Ke za ki riƙa shiga kina fassara masa."

"Baba, da jaririya?"

"Da ita. Ai ita ma maƙwabciyarsa ce."

Ranar sallama tare muka shiga, ni da Hajiya da Ummi da goyonta. Na zaro masa kati na ƙarshe, na goodbye, na ce kalma ce da asalinta addu'a ce, Allah Ya kasance tare da kai, yawan faɗa ya sa ta gajarce. Ya san ta, na ga ya san ta, amma ya ƙi faɗa. Sai ya jawo wani kati daga aljihun rigarsa, wanda ya yanka daga kwalin shayi. Da hannun hagu ya rubuta, baƙaƙen duk sun karkace: marra. Ban taɓa ganin kalmar ba. Ya nuna ni, ya nuna kansa. Ummi ta ce haka tsofaffin ma'aikatan yankin ke kiran wanda suke aiki kafaɗa da kafaɗa da shi. Ya juya katin ya nuna mini bayansa fari fat, wato wannan aikina ne. Na yi ƙoƙarin yin jawabi, Turancin duk ya gudu. Hajiya ce ta ce, "To Malam Haruna, Allah Ya ƙara sauƙi," shi kuma ya ce, "Sannu."

Kwana biyu da dawowata na je majalisa da gwangwani a hammata. Lawali ko gama gaisawa bai bari mun yi ba.

"Ina sa hannun farfesa?"

Na buɗe gwangwanin na ajiye a gabansa. Ba komai ciki sai kati ɗaya. Na ba su labari tun daga kare har zuwa kwalin takalmi, ban ɓoye ko na ma'aikaciyar fasfo ba. Na ce farfesa dai ban gan shi ba, rantsuwa ta kama ni, sai dai katunan suna wurin aiki, Hajiya ta nemi wani abin hura wuta.

Lawali ya ɗauki katin ya daɗe yana kallon karkatattun baƙaƙen.

"Shi wanga tsoho, mi ka ce aikinai?"

"Direba ne. Shekara arba'in."

"To mi kaka nema wurin farfesa? Direba in ya duba abu ya ce ya yi, ya yi. Buga littahinka." Ya juya katin. "Nan hwa? Don mi ba ka cika ba?"

Na ce na bincika, masana ba su daidaita a kan asalin kalmar ba, ni kuma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Ya yi tsaki, ya ce wa tela ya ara masa biro. Lawali bai yi boko ba, da ajami yake rubutu. Ya ɗora katin a gwiwa, ya rubuta kalma ɗaya daga dama zuwa hagu, ya jefa mini a cinya.

Na ɗauka na karanta. Aboki.